Layin Endel

A Tartu, ƙarfe huɗu na yamma dare ya riga ya shigo gari.
Kogi ya daskare, yara na wasan zamiya a kansa.
Ni ina ɗakin sama, shayina ya huce,
ina gadin wata manhaja da ba ta da mai ita,
ko in ce masu ita sun fi ƙarfin ƙirge.

Aikinta ɗaya ne: ba ta mantuwa.
Duk wanda ya taɓa rubutu, ya ƙara ko ya rage,
sai ta riƙe sunansa da ranar da sa'ar.
Ta raba aiki reshe-reshe,
in an gama ta ɗinke su wuri guda.
Mu ma da ita muke ɗinkin ta,
allura ce mai gyaran jakar da ake ajiye ta.

Ran Talata faci ya iso daga Arequipa.
Nélida Huanca. Ban san fuskarta ba.
Ta ce in sunan fayil na da wasali mai hula,
irin wanda ke cikin sunanta,
aka zo haɗe rassa biyu, sai ya yi ɓatan dabo.
Aikin mako guda ta rasa kafin ta gano.
Ba ta yi zagi ba. Layi goma sha ɗaya ta turo,
tara a ƙara, biyu a goge.

Na mayar mata: gwajin bai isa ba.
Ta sake turowa. Na ce wannan suna bai zauna ba.
Ta sake.
Wani Gyu-tae a Daejeon, da barci ya ƙaurace wa,
ya ce a kwamfutarsa abin ya faɗi warwas.
Ta gyara, ta turo na huɗu,
ta rubuta a ƙasa: "Mama na kira, abinci na hucewa."

Sai na tambayi manhajar, yadda na saba:
wa ya rubuta layukan da za a goge?
Ɗaya nawa ne. Kunya ta ɗan taɓa ni, ta wuce.
Ɗayan kuwa:
Endel Raud, watan Maris, shekara goma sha uku baya,
ƙarfe biyu da minti arba'in na dare.

Na san daren.
Ina zaune gefensa, muna cin baƙin burodi da kifi mai gishiri,
yana buga madannai da yatsu biyu kacal,
yana tari, yana cewa:
"Na wucin gadi ne, gobe zan gyara."
Goben ta yi ta zuwa tana wucewa.
Shekara shida ke nan da muka raka shi maƙabarta cikin yayyafi.

Na bi ko'ina na duba.
Dubban layukansa duk an sauya su,
sannu a hankali, kamar katakan tsohuwar gada.
Wannan kaɗai ya rage tsaye,
kuma shi ne mai cutar.

Kwana biyu ban amsa ba.
Nélida ta aiko: "Akwai matsala ne?"
Me zan ce mata?
In ce a bar ɓaraka don ina ƙaunar hannun da ya bar ta?
Da Endel na nan, da ya yi mini dariya har ya ƙware.
Shi ne mai cewa riga ba ta tela ba ce,
ta wanda sanyi ke duka ce.

Da asuba na karɓi facin.
Jan layi ya sauka, kore ya hau.
Gwaje-gwaje ɗari takwas da 'yan kai suka wuce a guje,
babu wanda ya yi tuntuɓe.
Sunansa bai je ko'ina ba.
Yana can ƙasa cikin tarihi,
kamar kifi a ƙarƙashin ƙanƙarar kogin nan,
sai wanda ya huda ya leƙa.

Na rubuta mata: "Ya shiga. Sannu da aiki."
Na fara ƙara wani abu, na goge.
Kafin in miƙe ta amsa:
ta hango wani kuskuren kusa da wancan,
wai ko na san wanda ya rubuta shi?

Na duba.
Ni ne.
Na ɗora ruwan shayi.